Baƙin da Ke Wuyan Alhaji

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka fita da Alhaji daga gidanmu na Nima, aka bar ni zaune a tabarma ina kallon ƙofa. Har yau in aka idar da sallar Magariba a masallacin layinmu, nakan kasa kunne ko zan ji tarinsa a bakin zaure. Ina yin kuka, kuma ba na ɓoyewa. Tsohuwa ce ni, ba wanda zan nuna wa jarumta.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Rabi, matar ɗana Mutari, ita ce ke rubuta wannan, don a Maraɗi ta tashi, ta iya Hausar takarda. Na ce mata ta rubuta abin da na faɗa yadda na faɗe shi, ko da ta ji sunanta a ciki kada ta ɗaga kai. Sunan mijina kuwa ba zan kama ba. Ban kama shi yana raye ba, ba zan fara yanzu ba.

Lokacin da aka kawo ni ɗakinsa bai zama Alhaji ba tukuna. Ɗan dako ne a tashar Circle, yana tura kura daga safe har yamma. Dogo ne siriri, in ya tuɓe riga sai ka ga haƙarƙarinsa a jere. Ranar da za a kai ni, innata ta ja ni gefe ta ce, "Memuna, in aka shekara mutumin nan yana nan kamar karan rake, ba shi za a zaga ba, mu za a zaga." Na riƙe maganar nan da hannu biyu. A wurinmu jikin miji shi ne shaidar matarsa. Ba mai shiga ɗakinki ya ga zamanku, amma kowa yana ganin mijinki in ya wuce.

Ni mai sayar da wakye ce, shinkafa da wake irin namu na nan, na daɗe a bakin titin Maamobi. Kowace safiya kafin in zuba wa kowa, kwanonsa nake fara cikawa. In sa taliya da gari, in ɗora ganda da ƙwai, sannan in kwashe man da ya taso saman miya in malala masa shi kaɗai. Da yamma tuwo, a biyo da shayi mai madarar gwangwani. Allah ya buɗa masa, ya bar kura, ya kama shagon yadi a Adabraka. Mutumin da ya saba yini a tsaye ya koma yini a kan benci. Ba a daɗe ba wuya ya cika, tumbi ya fito.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Mata a bakin famfo su riƙa tsokanata, "Memuna, me kike ba shi ne? Ki sammana mana, namu sun ƙi tashi." Yaran layi suka sa masa Alhaji Obolo, wato mai ƙiba a bakin mutanen nan, shi kuwa ya yi dariya ya raba musu alawa. Da ya dawo daga Makka ya ɗinka wani kaftani na shadda ruwan toka. Ranar Salla ya saka shi ya cika shi fam, na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa har ya sha kwana, ina ji kamar ni aka yi wa ado.

Abu ɗaya ne ya riƙa ɓata mini rai, wuyansa. Ƙeyarsa ta fara yin duhu, fatar ta yi kauri, ta yi laushi kamar karan-miski. Na ce dauɗa ce. Na tuna a masallaci sahu-sahu ake tsayawa, duk wanda ke bayansa wuyan nan yake kallo, kuma ya san matar wa ce ke gidan. Na sayi sapo, soson raga mai kaushi da muke wanka da shi, na haɗa da sabulun salo da lemon tsami, wani lokaci har da toka. Duk Juma'a sai na zaunar da shi a kan turmi na dirje wuyan. Yana runtse ido yana cewa, "Memuna, a hankali, ba gindin tukunya ba ne." Wata rana har jini ya tsattsafo. Baƙin bai tafi ba. Da na gaji, sai na riƙa naɗa masa hirami a wuya ko da ana zafi, mutane suka ɗauka ado ne.

Daga nan ƙishirwa ta zo, da yawan fitsari, da gyangyaɗi a shago. A asibiti aka ce ciwon sukari ne. Aka ba shi magani, aka ce ya rage jiki. Ya kuwa ɗauki maganar. Ya daina hawa torotoro, motar hayarmu ta nan, ya riƙa taka sayyadarsa daga Nima har Adabraka. Ya ce in rage mai, na rage. Cikin 'yan watanni kaftanin nan ya fara yi masa yawa, shi da kansa ya ce numfashinsa ya dawo, yana iya yin sujada ba nishi.

To amma a shekarun nan, in namiji ya rame ba a ga ya kwanta ba, abu ɗaya mutane ke kawowa, ciwon nan da ba a son kama sunansa. Ba wanda ya faɗa mana a fuska. Sai dai a majalisarsu ta yamma aka fara ware masa kofin shayi. Wata mata da ta shekara tana cin wakyena ta tsaya ta ƙare mini kallo, ta mayar da kwanonta cikin jaka ta wuce. Wani abokinsa ya kama hannunsa bayan sallar Juma'a ya ce, "Alhaji, lafiya kuwa? In akwai wani abu, ka faɗa a taimaka da addu'a." Ranar ya dawo gida ya zauna. Can ya ce, "Memuna, mayar mini da kwanona yadda yake." Na mayar. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba. Mu biyun mun ji kamar an sauke mana kaya. Jiki ya dawo, kofi ya dawo cikin 'yan'uwansa, masu ciniki suka dawo.

Sauran ba na son tsawaitawa. Ƙaramin rauni ne a ɗan yatsan ƙafa, takalmi ya ci shi, ya ƙi warkewa. Aka cire yatsan, daga baya aka cire ƙafar daga gwiwa, sannan ƙoda ta gaza, Allah ya karɓi abinsa. Da masu wankan gawa suka kusa gamawa, ɗaya ya leƙo ya ce a ba su wani sabulun, akwai wurin da bai fita ba. Na san wurin da yake nufi. Ina cikin takaba, hawaye bai bushe ba, amma abin da ya fara zuwa raina shi ne, yau kuma mutane sun ga wuyan.

Na yi shekara goma ina ɗaukar cewa Alhaji ya tafi da dauɗar da na kasa wankewa.

Bara ne, Mutari ya sunkuya yana alwala a tsakar gida, na ga ƙeyarsa. Shi ya gaji shagon, ya gaji bencin, ya gaji tumbin, kuma ni ce ke riƙe da tukunyar gidan har lokacin. Na shiga ɗaki na ɗauko sabon sapo na miƙa wa Rabi na ce, "Ungo, ki wanke wa mijinki wuya kafin ki ja mana magana." Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "To, Mma." Ba ta wanke ba. Asibiti ta kai shi, kuma ta nace sai na bi su, wai likita ta ce a zo da mai ludayi.

Likitar 'yar Kotobabi ce. Tana ganina ta ce, "Lah, Hajiya mai wakye! Ke kika rene mu da ganda muna 'yan makaranta." Ta duba jinin Mutari ta ce bai shiga ciwon ba tukuna, amma yana tsaye a bakin ƙofa. Sannan ta juyo da kujerarta wajena ta yi mini bayani da Hausa. Zan faɗa yadda na fahimta, in na yi kuskure nawa ne.

Ta ce kitsen da ke jikin mutum, musamman na tumbi, ba kamar wanda mahauci ke ratayewa ba ne. Abu ne mai rai. Ƙananan ɗakuna ne birjik kamar gidajen hayar Nima, kowane ɗaki da iyakar kayan da zai ɗauka. In aka yi ta cusa masa kaya sai ya kumbura, iska ta daina isa, wasu ɗakunan su tsage su rushe. Jiki kuma yana da masu gadinsa da ke yawo a cikin jini. Su ne ke yaƙar cuta in ta shigo, su ne ke taruwa a kan miki har wurin ya yi zafi ya kumbura kafin ya warke. Da sun ji ɗaki ya rushe sai su zo kwasar ɓaraguzai. In ɗaya ne ko biyu, su gama su watse. Amma in kullum sai an rushe, sai su tare a wurin, su yi ta kiran 'yan'uwansu, har waɗanda a da masu sulhu ne su koma masu faɗa. Suna ta zuba wasu abubuwa masu zafi a cikin jini. Kumburi ne, in ji ta, amma ba irin wanda ido ke gani ba. Ba zazzaɓi, ba raɗaɗi, yana ci a hankali shekara da shekaru.

Sai ta kawo wani abu da jiki ke yi, wai shi insulin. Ta ce shi ne mai sallama. In mutum ya ci abinci sukari ya shiga jini, shi ne ke zuwa ƙofar tsoka da ta hanta ya yi sallama, a buɗe, sukarin ya shiga ya zama ƙarfi. Ta ce, "To Hajiya, gidan da ake faɗa a tsakar gida, wa ke jin sallama?" Na ce ba kowa. Ta ce haka abin yake. Abubuwan da masu gadin nan ke zubawa su ke toshe kunnen ƙofofin. Sai jiki ya ƙaro masu sallama, ya ƙaro, ya ƙaro. Yawansu a jini shi ke sa fatar wuya ta yi kauri ta yi duhu. In an daɗe a haka, wurin da ke aiko su ya gaji, sukari ya rasa inda zai shiga, ya tsaya a jini yana cin ido da ƙoda da ƙafa. Ta ƙara da cewa ba kowane mai jiki ne ke kamuwa ba, akwai gado a ciki, amma wanda ubansa ya yi, to ya kula.

Na ce, "Ashe ba dauɗa ba ce?"

Ta ce, "Ko kin kankare fatar gaba ɗaya, wadda za ta fito haka za ta fito."

Na rufe fuskata da mayafi a gaban 'yar da na taɓa zuba wa abinci a ganye. Duk Juma'o'in nan, jikin bawan Allah yana nuna mana abin da ke ci a ciki, a wurin da kowa zai gani, mu kuma abin da ya dame mu shi ne kada a gani. Na tambaye ta ko masu gadin nan suna watsewa. Ta ce in ɗakunan suka samu sarari, ko da kaɗan aka rage, faɗan yana lafawa, a fara jin sallama. Wato lokacin nan da Alhaji ke takawa zuwa Adabraka, da kaftani ya yi masa yawa, lokacin ne yake warkewa. Lokacin ne kuma aka ware masa kofi.

Nakan ce, da Alhaji zai leƙo Nima ta yau, me zai ce? Zai yi dariyar magidantan da ke fita da gajeren wando da sassafe suna gudu a bakin titi ba wanda ya kore su. Zai yi mamakin ɗan abin gwada sukari da ƙawata take ajiyewa kusa da carbinta. Zai ga kowane lungu ana soya shinkafa da taliyar leda, yara suna shan lemon kwalba kamar ruwa, ga babura ko'ina, ba mai taka ƙafa ko zuwa bakin kasuwa. Ciwon da ake tsoro a da ma yanzu yana da magani, mutane suna rayuwa da shi. Abin da zai tarar bai canja ba shi ne bakinmu. Har yau in namiji ya rame, matarsa ake kallo.

Bayan asibiti na miƙa wa Rabi ludayi. Ta rage mai, ta ƙara ganye, ta raba kwanonsa biyu. Shi kuma ya fara fita da safe yana zagayawa ta Kotobabi ya dawo. Ya faɗa sosai. Ina ganin ya fi kuzari, amma duk da abin da na ji da kunnena, in ya wuce ta gaban mata sai in ji kamar in shige ƙasa. Abin da aka shuka wa mutum tun yana amarya ba ya fita da zama ɗaya a gaban likita.

Makon jiya muka yi sadakar shekara ta Alhaji. Malamai suka yi addu'a suka tafi, dangi suka zauna cin abinci. Ƙanwar marigayin, wadda yara ke kira Gwaggo Salamatu, ta ƙare wa Mutari kallo daga sama har ƙasa, ta tafa hannu. "Ei! Wannan ɗan yayana ne ko inuwarsa? Rabi, a garinku auna wa miji abinci ake yi da murfin kwalba? In tukunya ta fi ƙarfinki ki faɗa, muna da 'yan mata a Maamobi." Mata suka kwashe da dariya. Ta ja babban faranti ta cika shi da kanta, ta juye mai a kai, ta dire a gabansa. "Ci, ɗana. Ubanka ba a taɓa ganin ƙashin wuyansa ba."

Rabi tana durƙushe da butar wanke hannu. Mutari ya dubi matarsa, ya dubi farantin, sannan ya dube ni. Ni ce babba a wurin. Ni ce na zauna a gaban likita. Kalma ɗaya ta ishe su. Na sunkuyar da kai ina jan carbi. Ya ja farantin ya cinye tas, don a daina zagin matarsa. Yadda ya sa hannu a abincin nan, ba yunwa ba marmari, na taɓa ganinsa a wurin mutum ɗaya.

Washegari bai fita zagayensa ba. Rana ta biyu ma haka. A rana ta uku na ji yana ce wa Rabi ta bar wahalar da kanta, ta dafa masa irin na kowa.

Na yafa mayafina na je na tsaya a ƙofar ɗakinsu na yi sallama. Na ce, "Mutari, fito ka raka ni Kotobabi." Ya ce, "Mma, bari in tsayar miki da mota." Na ce da ƙafa. Gwiwoyina sun daɗe da mutuwa, tafiyar ta zama ta kunkuru, amma mun bi ta babban layi, ta gaban famfo, ta gaban majalisar da ubansa ya zauna. Duk wadda ta gaishe mu sai na tsaya na ce, "Kin ga ɗana? Ni na ce a rage masa." Wata ta ce, "Hajiya, ke da kika yi Alhaji Obolo?" Na ce, "Ni ɗin. Ina yake yanzu?" Muka wuce.

Abin da na kasa faɗa a tsakar gidana a gaban dangi, shi na sa a rubuta a nan, don ya kai inda ƙafata ba za ta kai ba. Salamatu, ki sa jikokinki su karanta miki. Yarinyar nan ba rowa take yi ba, kuma ba ta gaza ba. Ta ga wuyan mijinta ta kai shi inda ya kamata, abin da ni ban san a yi ba. Duk mai magana a kan jikin Mutari ya zo wurina. Ku kuma matan Zongo, in kun ga baƙin nan a ƙeyar mazanku ko 'ya'yanku, ku ajiye soso. Rabi, na ga takardar ta jiƙe, ki goge ki ci gaba, saura kaɗan.

Me ya rage na Alhaji? Shagon yana nan. Yaran da ya raba wa alawa sun zama iyaye, har yau in sun gan ni sukan yi masa addu'a. Haƙurinsa yana nan a jikin ɗansa, da kunyar nan tasa ta mutumin da zai cuci kansa don kada a taɓa iyalinsa. Da ina ganin duk cikin halayensa ita ce ta fi kyau. Yanzu ita ce nake roƙon Allah ya rage wa Mutari. Allah ya jiƙan Alhaji, ya yafe masa, ya yafe mana.

Sai kaftanin nan ruwan toka. Tun da ya rasu yake ƙasan akwatina da kafur, ina jiran ranar da Mutari zai cika shi in tsaya a bakin ƙofa in kalle shi. Jiya na ciro shi, na kama hannun Mutari muka je wurin telan layinmu. Telan ya gwada Mutari, ya ɗaga rigar sama yana juya ta, ya ce, "Hajiya, shadda irin wannan ba a samunta yanzu. In naɗe daga ciki mana, ko Allah zai sa jiki ya dawo? In na sa almakashi fa ba ta komawa."

Mutari ya juya baya ana auna kafaɗarsa, na ga ƙeyar. Baƙin yana nan, amma ya fara sakin gefe-gefe, ba soso, ba toka.

Na ce wa tela, "Yanke."